FILIN ƘARIN SANI: Daren da Aka Leƙa Wata da Madubi

 Maganar wannan karo a kan wata take, watan nan da ke bisa kan kowa.

Ba wanda bai san wata ba. Da shi ake ɗaukar azumi, da shi ake ajiye shi. Da shi mace ke lissafin cikinta, da shi mai bin bashi ke ƙirga kwanaki. In ya yi fari, yara su fita dandali, matafiyi ya kama hanya ba fitila. Amma in aka shiga kasuwar Dole ta Zinder aka ce wa ya taɓa ganin fuskar wata kusa da kusa, da wuya a sami mai amsawa. An saba da shi, ba a san shi ba.

ABIN DA YA FARU A WANI ƘAUYE

Da kaka, bayan an gama ɗaurin hatsi, wani malamin lise ya zo hutu garinsu, wani ƙauye ne gabas da Zinder, gaba da Mirriya kaɗan. Ya zo da wani abu mai kama da guntun bututu, mai ƙafa uku. Sunansa madubin hangen nesa. Daren bakwai ga wata, bayan sallar lisha, ya kafa shi a ƙofar rumfar da manya ke karatun dare. Ya saita shi, ya ce duk mai so ya zo ya leƙa.

Ba wanda ya motsa. Wani ya ce ya ji an ce mai leƙa irin wannan abu ganinsa raguwa yake yi. Wani saurayi ya ce hoto ne aka liƙa a ciki, irin na waya, ana so a yi wa mutanen ƙauye wayo. Wata mace ta ja hannun ɗanta, ta mai da shi bayanta.

Ana cikin haka sai ga liman ya fito daga masallaci. Ya zagaya abin sau ɗaya, ya ce: "Mushe, me ke cikin wannan abin naka?"

Malamin ya ce: "Allah gafarta Malam, ba kome sai gilashi. Ɗan uwan tabaran da ke fuskarka ne, sai dai ya fi shi girma."

Liman ya cire tabaransa, ya juya shi a hannu, ya sa a aljihu. Ya yi bisimilla, ya sunkuya, ya sa ido. Ya daɗe bai ɗago ba. Jama'a suka yi tsit. Can sai aka ji ya ce: "Subhanallahi! Ashe zanzana gare shi!" Jim kaɗan ya ɗago da sauri, ya ce: "Mushe, ya gudu!"

Aka bushe da dariya, tsoro ya tafi. Malamin ya ɗan karkata madubin, wata ya komo. Ya bayyana musu cewa ƙasar nan da ake tsaye a kanta juyawa take yi ba dare ba rana. Ido ba ya lura, amma madubi yana ƙara girman motsi kamar yadda yake ƙara girman abu. Shi ya sa cikin minti biyu ko uku watan ke sulalewa ya bar idon madubi.

Saurayin nan mai gardama ya ce shi har yanzu bai yarda ba. Malamin ya ce ya sa ido. Yana cikin kallo, malamin ya cire hularsa ya rufe bakin madubin. Saurayi ya ce duhu. Aka ɗauke hula, ya ce ga shi ya dawo. Sai aka juya madubin wajen fitilar mai shayi, can bakin gari. Saurayi ya ga mai shayi da butarsa, kai ƙasa, ƙafa sama. Ya ja da baya, ya ce: "Mushe, na yarda. Gani ya kori ji."

Daga nan aka yi layi, har mata. Kowa da abin da ya kwatanta shi da shi. Wata tsohuwa ta ce: "Ɗana, wannan ai tandar waina ce." Wani makiyayi ya ce kamar bakin tafki ne bayan shanu sun sha ruwa sun tashi. Wani kuma ya ce duwatsun Birni ya gani, sai dai ba gida ko ɗaya, ba itace ko ɗaya. Ba a watse ba sai da watan ya kusa faɗuwa, wajen tsakar dare.

ME SUKA GANI?

Abin da liman ya kira zanzana ramuka ne. Duwatsu ne masu yawo a sararin sama suka faɗo bisa wata da ƙarfin gaske, tun zamani mai nisa, kowane ya bar gurbinsa. Da yake a can ba iska, ba ruwan sama, ba abin da ke shafe su. Wasu ƙanana ne, wasu kuwa ƙasa guda ce. Akwai wani da ake kira Kofanikus, faɗin bakinsa kilomita 93, kusan tafiyar Zinder zuwa Magariya. Zurfinsa ya wuce kilomita 3.

Akwai duwatsu kuma. Dutsen da ya fi kowane tsawo a Nijar yana Bagazam, ƙasar Abzin, tsawonsa mita 2,022. A bisa wata akwai waɗanda suka kai mita 5,000.

Baƙin tabon nan da ido ke gani ba madubi, wanda yara ke cewa hoton kaza ne ko hoton wane, fili ne shimfiɗaɗɗe. Narkakken dutse ne ya ɓulɓulo daga ciki, ya malale, ya daskare. Mutanen da suka fara leƙa shi sun zaci ruwa ne, suka sa masa sunayen tekuna. Sunayen sun zauna har yau, amma ba ruwa a ciki.

Wata ba shi da hasken kansa, na rana yake mayarwa, kamar yadda farin bango ke haskaka tsakar gida da hantsi. Kullum rabinsa yana cikin rana, rabi cikin duhu. Yayin da yake kewaya duniya, wani lokaci a ga kaɗan daga gefen mai haske, wani lokaci a gan shi duka. Daga tsayuwa zuwa tsayuwa kwana 29 da rabi ne. Shi ya sa wani wata ke yin 29, wani 30. Kuma fuska ɗaya yake nuna wa duniya kullum. Wadda kakanni suka gani, ita jikoki ke gani.

Nisansa daga nan kamar kilomita 384,000 ne. Daga Zinder zuwa Yamai kamar kilomita 900 ne. Ke nan sai direba ya yi wannan tafiya fiye da sau 400 kafin ya ci nisan wata. Faɗinsa kilomita 3,474, wato ya ɗara rubu'in faɗin duniya kaɗan. Ranar can mako biyu take yi ba ta faɗi ba, zafi ya kai digiri 120, ya wuce na tafasasshen ruwa. Darensa ma mako biyu ne, da sanyin da ba mai rai da zai jure shi.

A daren nan wani yaro ya tambaya ko za a ga tutar da mutanen Amurka suka kafa. Amsa ita ce a'a, ta yi ƙanƙanta ƙwarai, ko manyan madubai na duniya ba su nuna ta. Amma zuwan gaskiya ne. Ran 20 ga Yuli 1969 Neil Armstrong da Buzz Aldrin suka sauka bisa wata. Daga 1969 zuwa 1972 mutum 12 suka taka shi, suka zo da duwatsu da ƙasa kilo 382. Daga 2009 wani kumbo mai kewaya wata ya ɗauko hotunan wuraren da suka sauka. A 2019 kumbon ƙasar Sin ya sauka a bayan wata, gefen da ba a gani daga nan, a 2023 kuma na Indiya ya sauka kusa da kudancinsa.

TSORON BA NA YAU BA NE

Kada mai karatu ya yi wa mutanen ƙauyen nan dariya. Duk inda madubin nan ya fara shiga, haka aka yi.

A 1608 aka fara jin labarinsa a ƙasar Holan, wajen masu yin tabarau. A 1609 wani malamin lissafi na Italiya, Galileyo, ya haɗa nasa, mai ƙara girman abu kamar sau 20. Ya ɗaga shi wajen wata, ya ga ramuka da duwatsu, ya zana su, ya buga littafi a 1610. A lokacin manyan malaman Turai suna koyar da cewa wata sumul yake kamar ƙwai. Wani babban malami a birnin Faduwa, inda Galileyo ke koyarwa, ya ƙi sa idonsa a madubin sam, don kada ya ga abin da zai rushe karatunsa.

A ƙasar Hausa kuwa ga abin da ya faru. A watan Maris 1824 wani Bature ɗan Birtaniya, Kilabatan, wanda ya kira kansa Abdullahi, ya isa Sakkwato. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, ɗan Shehu Usmanu, ya ce a kawo masa kayan aune-aunen baƙon ya gani. Baturen ya fara da taswirar sama. Ya rubuta a littafin tafiyarsa cewa ya tarar Bello ya san buruji duka, ya kuma san taurari da yawa da sunayensu na Larabci. Sa'an nan aka fito da ɗan madubin hangen nesa, irin mai juya abu kai ƙasa. Sarki ya so ya gwada shi a kan mutum, amma fadawa duka suka ji tsoro, ba wanda ya yarda ya tsaya a gabansa, suna zaton sihiri ne. Sai Baturen da kansa ya koma nesa kaɗan ya tsaya, Sarki ya leƙe shi.

A duba wannan da kyau. A zauren nan, wanda ya fi kowa karatu shi ne ya fi kowa son ya gani. Masu tsoron su ne waɗanda ba su san abin ba. Rashin sani ya fi dare duhu.

Damagaram ma ta ga irin waɗannan baƙi. Barth, Bajamushen da ake kira Abdulkarim, ya zauna a Zinder daga ƙarshen Disamba 1852 zuwa ƙarshen Janairu 1853. A ƙarshen 1854 wani Bajamushe saurayi, Fogel, wanda ake kira Abdulwahid, ya zo Zinder daga Kukawa. Shi sana'arsa ke nan, duban taurari. Kafin ya zo Afirka, a gidan duban taurari yake aiki a Landan. Da rana da taurari yake auna inda gari yake, ya sa shi a taswira.

SUNAYEN MALAMAI A BISA WATA

Masu cewa wannan ilmin Nasara ne kaɗai, su saurara. Tun kafin a ƙera madubin nan da shekara kusan 600, Ibnul Haisam, haifaffen Basra wanda ya zauna Alƙahira, ya rubuta babban littafi a kan haske da gani. Shi ya tabbatar da cewa haske ne ke shiga ido, sa'an nan mutum ya gani. Turawa sun fassara littafin, sun yi karatu da shi. Yau akwai rami a bisa wata mai sunansa.

Akwai wani babba, faɗinsa kamar kilomita 130, mai sunan Albattani, masanin taurari da ya yi aiki a Raƙƙa ta ƙasar Sham, ya rasu a 929. Tun 1651 aka sa wa ramin sunansa. Yana tsakiyar fuskar wata, kuma a daren bakwai ko takwas yakan fito sarai a ƙaramin madubi. Akwai kuma ƙarami mai sunan Ibn Batuta, matafiyin Maroko, wanda ya sauka Takadda a 1353, a ƙasar da take jihar Agadas a yau. Mutumin da ya taka ƙasar Nijar, ga sunansa a wata.

A gida ma, malaman hisabi sun san masaukan wata 28, da su suke gaya wa manomi inda damina ta kai. Tsofaffi sun san Kaza da ƴaƴanta, sun san Zara matar wata, sun san Gamzaki. Madubi bai zo ya kori wannan sani ba, ƙari ya kawo masa.

MADUBI DA TSAYUWAR WATA

Kafin a watse a daren nan, liman ya yi tambayar da ta fi kowace nauyi. Ya ce: "Mushe, in haka ne, abin nan ba zai raba mu da gardamar Salla ba?"

Kowa ya san wannan gardama. A 2022 Nijar ta yi ƙaramar Salla ran Lahadi 1 ga Mayu, Najeriya ta yi ran Litinin 2 ga Mayu. Ga mutanen bakin iyaka, na Magariya da na Matamai, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Wa yana cin tuwon Salla, ƙane a ƙetare yana da azumi a baki, alhali uwa ɗaya uba ɗaya.

Ga abin da madubi ke iyawa. Yana nuna jinjirin wata siriri wanda ido ke wahalar kamawa. Yana kuma raba shi da abubuwan da ke ruɗin ido da magariba, kamar tsinken gajimare, ko farin hayaƙin jirgin sama, ko Zara in hazo ya rufe ta. Wani lokaci ma farin gashin gira ne ke sauka gaban idon dattijo, ya rantse ya ga wata, kuma ba ƙarya ya yi niyya ba.

Ga kuma abin da ba ya iyawa. Ba ya nuna watan da bai kai a gan shi ba. Kowane wata akwai sa'ar da wata ke gittawa ta wajen rana, gefensa mai duhu ya fuskanci duniya. Daga wannan sa'a masana ke ƙirga haihuwarsa. Mafi ƙanƙantar jinjirin da aka tabbatar an gani da ido, yana da kamar awa 15 da rabi. Da madubi kuwa, kusan awa 12. In wata ya riga rana faɗuwa, to, ba ido, ba madubi. Jinjirin gaskiya a yamma yake tsayuwa bayan faɗuwar rana, kuma gefensa mai haske yana kallon inda ranar ta faɗi.

Hukuncin ɗaukar azumi da ajiye shi ba na madubi ba ne, ba na mai madubi ba ne. Wanda ya ga wata ya kai shaida wurin liman ko mai gari, a kai gaba ga hukuma. A Nijar Majalisar Musulunci ke bayar da sanarwa, a Najeriya kuwa Sarkin Musulmi. Matsayin gani da madubi a shari'a magana ce ta malamai. Abin da ba gardama a kansa shi ne, shaida amana ce. Kalmar mutum ɗaya tana iya sa jama'ar ƙasa guda su sha ruwa. Wanda ya saba duban wata, ya san inda yake tsayuwa da yadda yake kama, shaidarsa ta fi ta wanda ke ɗaga kai sau biyu a shekara.

SHAWARA GA MAI SON GANI

1. Ba sai babban madubi ba. Ƙaramin nan mai ido biyu, irin na sojoji da ma'aikatan gandun daji, ya isa ya nuna manyan ramuka.

2. Daren sha huɗu ba shi ne daren kallo ba. Farin wata sha kallo ne ga ido, amma a madubi haske ya yi yawa, ba inuwa, ramuka sun ɓace. A nemi daren biyar zuwa tara. A duba iyakar haske da duhu, nan inuwar duwatsu ke miƙewa.

3. Hannu rawa yake yi. A ɗora madubin bisa katanga, ko a zauna a kife turmi a dafa gwiwar hannu a kai.

4. Da kaka sama ta fi tsabta. In hunturu ya shigo da hazo, kallon ba ya daɗi.

5. Da jinjirin wata na kwana biyu ko uku, a duba cikin ƙahonsa. Za a ga sauran jikinsa dishi-dishi. Hasken rana ne da ya bugi duniya ya koma can.

6. Wannan ita ce babba. Kada a kuskura a dubi rana da madubi, ko na ƙiftawar ido. Gilashin yana tara zafin rana wuri ɗaya, ya ƙone ido nan take, kuma likita ba shi da maganin wannan makanta. Mai neman jinjirin wata ya jira sai rana ta faɗi ɗungum. Da rana a ɓoye madubi inda yara ba su kai.

KIRA

Malamin lise ya gama hutu, ya koma da madubinsa. Mutanen da suka leƙa a daren nan ba su fi cikin rumfa biyu ba, sauran ƙauyukan kewaye sai labari. Ga Jami'ar André Salifou a Zinder, ga Lise Amadu Kuran Daga, ga sauran makarantun jiha. Da malamansu da ɗalibansu za su sami ko madubi ɗaya, su riƙa zagayawa da shi makarantun dare da makarantun allo, dare ɗaya a wata, da an yi babban aiki. Ƙungiyoyin ƙauye da ƴan kasuwa masu hali su ma suna iya haɗa kuɗi su sayi ƙarami, a ajiye wurin liman ko malamin yaƙi da jahilci.

Kashegarin daren nan, a ajin manya, aka ce kowa ya rubuta jimla ɗaya daga kansa. Wani dattijo da ya shekara biyu yana fama da baƙaƙe ya daɗe yana gogewa yana sakewa. Daga baya ya ɗaga allonsa. Ya rubuta: "Na ga duwatsun wata da idona." Ba kuskure ko ɗaya, har ƙugiyar da ba ta kamata ba bai sa ba.

Mai tambaya a kan wata ko taurari ya rubuto, ko ya ba malamin makarantar dare ta garinsu ya aiko. Matambayi ba ya ɓata. Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai rai.